Inna Ungozoma da Autarta ta Jami'a

Inna ta rasu ranar Talata da hantsi, ana tsakiyar girbin gero, kafin azahar kuma an kai ta makwancinta. Ni da Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, muka yi mata wanka. Muna fitowa daga ɗakin na tarar tsakar gida ta cika har bakin turken awaki, ban kuma san wanda ya kai labari ba. Maza sun jefar da magirbi a gona sun taho da ƙaiƙayi a jikin riga. Ƙanena ya ce a maƙabarta, bayan an gama rufewa, Liman ya juyo ya ce, "Jama'a, ungozomarmu ce muka binne. Duk wanda hannun wannan baiwar Allah ne ya fara taɓa shi a duniya, ya ɗaga hannu mu gani." Ya ce hannuwa suka tashi kamar karan dawa, har da na Liman ɗin, shi da ya yi tambayar.

A cikin gida mata ba su yi kururuwa ba, sun san Inna ba ta so. Kowacce dai ta zauna sai ta fara: ni ranar da ta karɓi tagwayena, ni ranar da jini ya ƙi tsaya mini. Bayan la'asar matan unguwar bayan fadama suka iso a ƙafa, 'yan'uwanmu da kakanninsu Maguzawa ne, yanzu mafi yawansu Kirista. Kowacce da ƙwaryar hatsi a ka. Tsohuwarsu ta durƙusa gabana ta ce, "Sannu da rashi, 'yar nan. Amma kada ki ce naki ne ke kaɗai, mu ma an yi mana maraici." Na ce mata haka ne. Ranar nan ban yi rowar uwata ga kowa ba.

Washegari ne abin ya canza. Wata doguwar mota ta tsaya ƙofar gida, Likita ta fito. Haka garinmu ke kiranta tun tana budurwa, duk da yanzu farfesa ce a jami'a, furfura ta leƙo ta gefen ɗankwalinta. Ko sallama ba ta ƙarasa ba, ta watsar da takalmi ta faɗa ɗakin Inna, ta kifa fuska a kan gadon, ta saki kuka irin na yarinya. Sai na ga matan da ke kewaye da ni suna tashi ɗaya bayan ɗaya suna bin ta. Na ji ana cewa, "Wayyo, 'yarta ta zo." "Allah sarki, ba ta same ta ba." Aka bar ni a kan tabarma, ni da carbina, ni da na sha nonon matar nan.

Kawu ne ya ce in rubuta wani abu a kan Inna, tunda ni ce na yi shekaru ina koyarwa a firamare, kuma jami'a za ta yi nata taron ta rubuta nata. Na yarda, domin ba na so jikokinta su san ta a bakin baƙi kawai. Sai dai ba zan iya rubuta Inna ba tare da na rubuta kishi ba. Na fi shekara talatin ina kishin uwata da wata mace, kuma har na zauna rubutun nan bai sake ni ba.

Ni ce 'yar fari. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san ma'anar wannan. Inna ba ta taɓa kama sunana ba. "Ke" ce ni, ko "waccan", in kuma da baƙi, "yarinyar gidan nan". Ba ta zama tabarma ɗaya da ni, ba ta dariya da ni, in na yi abin kirki sai ta dubi bango ta ce, "To." Ban ɗauki wannan da zafi ba a lokacin, don haka na ga ana yi wa kowace 'yar fari. Na ɗauka Inna haka Allah Ya halicce ta, mace mai kaifi, mai saurin tafiya, wadda in an kira ta wajen naƙuda takan bar tuwo a kan wuta ta ɗaura gyale a ƙugu ta yi gaba, sai mai kiran ya riƙa binta da gudu. Takan ce, "Haihuwa ba a yi mata gaggawa, ba a kuma yi mata lalaci." In mai gida ya tsaya yana kame-kame takan ce, "Malam, aikinka ka gama shi tun watanni tara, matsa ka ba mu wuri." Ba ta cin abinci a gidan da ta yi aiki sai mai jego ta ci. Ba ta kuma taɓa faɗin abin da ta gani a ɗakin wata ba, ko da Baba ne ya tambaya.

Sai ga shekarun wahala. Damina biyu a jere ruwa ya ɗauke gero na cikin bununi. Rumbuna suka koma ɗakin kwanan kaji. Mun ci dusa, mun ci garin kwaki da ba mu saba da shi ba, mun tsinke zogale da rama har itacen ya zama tsirara. A shagon magani na gwamnati babu komai sai tebur da ma'aikaci, ya rubuta maka takarda ya ce ka je Kano ka saya. Ƙyanda ta shigo da rani, amai da gudawa suka biyo ta. A ajina akwai bencin da na daina kallo lokacin kiran suna.

A cikin wannan hali motar jami'a, Landiroba, ta shigo garinmu. Mutum huɗu ne, sun ce bincike suke yi a kan yadda ƙauye ke kula da lafiyarsa da kansa: wa ake fara nema in ciwo ya zo, ungozoma ko wanzami ko mai ɗori, kuma me za a ɗora a kan abin da mutane ke da shi tunda asibiti ya yi nisa. Maza uku suka sauka gidan Mai Gari. Ta huɗun budurwa ce siririya, sa'ata, sabuwar likita, 'yar birni da ko zaman tabarma ba ta iya ba. Aka rasa inda za a kai ta, aka ce a kai ta gidan ungozoma.

Ina nan ranar da ta fara buɗe takardunta. Ta gyara murya ta ce, "Inna, tambaya ta farko. Idan mutum ya kamu da rashin lafiya a garin nan, ina yake fara zuwa?"

Inna na tsince wake ba ta ɗago ba. Ta ce, "Rumbu."

"Na'am?"

"Rumbu yake fara leƙawa. In da hatsi, ya sayar ya hau mota. In babu, ya zo wurina. In ni ma na kasa, ya je wurin Liman, daga nan kuma kin san sauran."

Likita ta duba takardarta sama da ƙasa ta ce, "Inna, babu gurbin rumbu a nan."

"To takardarki ce ba ta da lafiya. Ajiye ta ki zo ki taya ni tsintar wake."

Ta ajiye. Ta zauna dab da Inna, gwiwa na taɓa gwiwa, tana tsintar wake tana zubar da mai kyau tana ajiye mai ƙwari. Inna ta dube ta ta fashe da dariya har da riƙe ciki. Ni ina tsaye bakin madafa da ludayi a hannu. Ban taɓa jin wannan dariyar ba. Ban ma san tana da ita ba.

Kafin wata ya ƙare ta zama "Auta". Ƙanena, autan gaskiya, bai damu ba, shi namiji ne, yana can wajen tallan rake a kasuwar Tsanyawa. Ni ce na damu. Auta ce ke riƙe wa Inna ƙwarya zuwa gidan haihuwa. Auta ake ajiye wa ƙanzo. Inna da kanta take yi mata kitso, ta kwantar da kanta a cinya tana ba ta labarin kowace unguwa, ita kuma tana rubutawa a littafi. Gidan mijina bai fi taku ɗari daga namu ba, kullum in na taso daga makaranta sai na biya, in tarar da su haka. Ni ma fa na iya rubutu. Na yi kwalejin horon malamai, hannuna ya fi nata kyau. Ba a taɓa cewa in ɗauko alƙalami ba.

Ba zan zalunce ta ba, yarinyar ba ta da girman kai. "Yaya" take ce mini, ta durƙusa ta gaishe ni. Wannan ma haushi yake ba ni, don na rasa abin da zan kama.

Rigimarsu ta farko a kan kunun kanwa ce. A wancan zamani mai jego sai ta yi kwana arba'in tana wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma, ta kwanta a gadon ƙasa da aka hura wa wuta, ta sha kunu da kanwa har harshe ya yi kanta. Wata rana Likita ta dawo daga duba wata mai jego da ƙafafu suka kumbura, numfashi na yi mata wuya, ta ce, "Inna, kanwar nan da zafin nan su ke kumbura zuciyar mata."

Inna ta ajiye muciya. "Uwata ta sha, kakata ta sha. Ke nawa kika haifa?"

"Ko ɗaya, Inna. Amma na ga waɗanda ake kawo mana asibiti."

"To koma asibitin."

Kwana tara Inna ba ta yi mata magana ba. Allah Ya gafarta mini, kwana taran nan sun yi mini daɗi kamar Sallah. Har miya nake kai wa Inna. A rana ta goma na shiga na tarar da ita zaune ita kaɗai tana lanƙwasa yatsu, tana kiran sunayen mata ƙasa-ƙasa, waɗanda suka kumbura bayan haihuwa tun tana sabuwar ungozoma. Ta gama hannu biyu ta sake farawa. Sai ta ɗaga murya ta ce, "Auta! Fito. Duk a cikin zafin bazara suka tafi, kuma duk masu son kanwa ne. Me za mu ba su a madadinta? Don in ka ƙwace wa mace abu ba ka ba ta wani ba, a ɓoye za ta sha." Suka zauna suka shirya: kunun gyaɗa da tsamiya, ruwa mai ɗumi ba tafasasshe ba, a daina wuta a ƙarƙashin gado. Inna ta bi gida-gida da bakinta, ba ta ce jami'a ta ce ba, ta ce, "Ni na gani."

Abin da ba wanda ya tuna shi ne, shekara shida kafin nan, da na dawo hutu daga kwaleji, na faɗi wannan maganar da bakina, daga littafinmu na kiwon lafiya. Abin da na samu shi ne, "Ke da aka yanke wa cibiya jiya? Tashi ki ba ni wuri." Da na tuna wa Gwaggo sai ta ce, "'Yar nan, gyaran ɗan cikinka ɗaci gare shi. Na baƙo ana haɗiye shi da ruwa." Gaskiya ta faɗa, amma ba ta rage mini komai ba.

Da binciken ya yi nisa, mutanen jami'a suka ce a kafa kwamitin lafiya na gari, kuma za a taimaka da siminti a gina rijiya mai murfi in gari zai ba da ƙarfi. Aka taru a ƙofar Mai Gari, maza a gaba, mu mata a bayan zana. Aka ce rijiya a bayan masallaci za a haƙa. Kowa ya ce madalla. Sai muryar Inna ta fito ta cikin zana.

"Ranka ya daɗe, a yi mini izini."

"Faɗi, ungozoma."

"Gudawar da ta kashe 'ya'yanmu, ta tsaya ta tambayi wa ke salla? Kududdufi ɗaya muke sha da mutanen bayan fadama. In kun gyara ruwanku kun bar nasu, ranar kasuwa za su kawo muku ita a cikin fura. A haƙa a tsakiya, gindin tsamiyar nan ta kan hanya, su ma a sa nasu a kwamiti."

Aka yi gunaguni. Wani dattijo ya ce yaushe mata suka fara raba wa gari rijiya. Inna ta ce, "Alhaji, ruwan kai kake ɗebowa?" Aka yi dariya, magana ta mutu. A gindin tsamiya aka haƙa, tana nan har yau. A zaman nan kuma ta sa aka ware amalanken shanu guda, da layin wanda zai ba da shanunsa kowane mako, don fitar da mai naƙudar da ta gagara zuwa bakin kwalta. Daga baya na ji Likita ta kai wannan tsari garuruwa da dama, har wajen Minjibir da Dawakin Tofa, tana cewa daga bakin wata tsohuwa ta samo shi. Na yi alfahari, ban musa ba. Amma da aka watse ranar taron, hannun Likita Inna ta riƙe suka tafi gida, ni ina biye da tabarmarsu.

Ni ce ta uku da amalanken nan ya ɗauka. Cikina na uku ne, naƙuda ta fara da asuba, har rana ta take ba labari. Saboda kunya Inna ba ta karɓar haihuwata, wata tsohuwa take turowa, ita ta zauna a waje. Da azahar ta wuce sai na ga inuwarta a bakin ƙofa. Ta shigo ba ta dubi fuskata ba, ta ɗora tafin hannu a cikina, ta zagaya da shi sau biyu. Ta miƙe ta ce, "A gicciye yake. Wannan ba tawa ba ce. A ɗauro shanu, a kira Auta."

Surukata ta ce a ɗan ƙara jira, a ba ni rubutu. Inna ta ce, "A ba ta a hanya."

A bakin kwalta Landirobar jami'a ta same mu. Aka shimfiɗa ni a baya, Likita ta ɗora kaina a cinyarta, tana share mini gumi tana cewa, "Yaya, dube ni, kada ki rufe ido, Yaya, yi mini magana." Inna na gaba kusa da direba, ƙeyarta kawai nake gani. Tun daga nan har Kano ba ta waiwayo ba ko sau ɗaya. Ina jin mutuwa na ja na ta ƙafa, amma abin da ke raina shi ne: da Auta ce a kwance, da tuni Inna tana baya ta rungume ta.

Aka yi mini aiki, aka ciro 'ya mace da rai. Likitan tiyata ya ce da an ƙara sa'a biyu da sai dai wani labarin. Ranar suna, Inna da ba ta taɓa sa baki a sunan jika ba ta aika wa mijina cewa tana roƙon alfarma, a sa wa yarinya sunan Auta. Wa zai ce a'a? Matar ta ceci raina. Haka na wayi gari da sunan a cikin ɗakina, ina yi masa wanka, ina goya shi. Garin kuma ya laƙaba wa yarinyar "Likita ƙarama", har yau da take da nata 'ya'yan.

Sau ɗaya tak na yi wa Inna maganar. Bayan an gama bincike, shekara biyu da rabi, Likita ta koma, ta rubuta babban littafinta, aka zo da mota aka ɗauki Inna zuwa jami'a ta yi wa manyan likitoci jawabi. Ta dawo da sabon atamfa da hoto, ta rataye hoton a saman gadonta, su biyu kafaɗa da kafaɗa. Na shiga na gani na ce, "Inna, ni fa ko hoto ɗaya ba mu da shi."

Ta ce, "Ke da nake gani kullum?"

Na ce, "Gani? Yaushe kika taɓa dubana? Da ma ita kika haifa, da kowa ya huta."

Ta ɗauki tsintsiya ta fara sharar ɗakin da aka riga aka share. Da ta kai bakin ƙofa ta ce, "Ɗaga ƙafarki." Shi ke nan. Na yi mako ina kuka, na je na durƙusa na nemi gafara, ta dubi bango ta ce, "Ba komai." Ba mu sake tayar da zancen ba. Likita kuwa ba ta yanke zumunci ba, kowace Sallah tana tafe, ta aiko da magani, ta kawo ɗalibanta su zauna gaban Inna. Ni ce mai dafa musu abinci.

A shekarun ƙarshe yanar ido ta rufe ganin Inna, na dawo da kwanana gidan. Ni ke yi mata wanka, ni ke juya ta, ni ke ba ta koko a baki. Da jikin ya yi tsanani, mako guda kafin rasuwarta, ta fara tambaya, "An gaya wa Auta?" Lambar Likita na cikin wayata. Na ce, "Za a gaya mata." Gobe ta sake tambaya, na ce layi ba ya shiga. Ƙarya nake. Na ce a raina, rayuwarta na raba da wata, wannan kam nawa ne.

Ranar Asabar bayan la'asar na shiga da ruwan ɗumi, na taɓa hannunta, sai ta riƙe ni ta ce, "Auta, kin zo?"

Na buɗe baki in ce ni ce. Abin da ya fito shi ne, "Na'am, Inna. Na zo."

Ta jawo kaina ta kwantar a ƙirjinta. Ina da jikoki, amma ranar ce rana ta farko da na san ƙamshin wuyan uwata. Tana shafa kaina tana cewa, "'Yata, 'yata." Na yi lamo kamar ɓarauniya, ina karɓar abin da na san ba ni aka nufa da shi ba. Kwana uku muna haka. Duk la'asar in shiga in zama Auta.

A rana ta ukun ta ce, "Auta, bari in gaya miki yadda na fara aikin nan. Waccan ce sila, ta farin. A gona na haife ta, ni kaɗai, ana girbi kamar yanzu, ina da shekara goma sha shida. Ba kowa sai tsuntsaye. Da ɓawon kara na yanke cibiya. Ta fito ba ta yi kuka ba, shuɗiya. Na sa bakina a hancinta na zuƙe, na hura, na ce ya Allah in Ka bar mini wannan, ba macen da za ta sake haihuwa ita kaɗai in dai ina da ƙafa. Sai ta yi atishawa." Ta yi 'yar dariya. "Duk jaririn da na karɓa, ita nake karɓa. Ba a faɗa ne kawai. Ki riƙe mini ita, tana da zuciya, irin tawa ce."

Washegari da hantsi ta cika, kalmar shahada a bakinta, kanta a hannuna.

Da muna yi mata wanka na kasa riƙewa na gaya wa Gwaggo, na ce Inna ta tafi tana zaton da Likita take magana. Gwaggo ta matse tsumma ta dube ni ta ce, "Matar da ke gane kwanciyar ɗa da tafin hannu tun yana ciki, ita ce za ta kasa gane kan da ta haifa? Zuba ruwa, 'yar nan." Ban sani ba ko gaskiya ne, ko lallashina take. Wadda ta sani ta tafi da saninta.

Bayan addu'ar uku, da safe, mutane sun ragu, Likita ta same ni a ɗakin Inna ina ninke zannuwa. Ta zauna ƙasa ta ce, "Yaya, ta yi maganata kuwa?"

Da na ce a'a, ba mai ƙaryata ni. Na ce, "Kullum. Mako guda tana kiranki. Ni ce ban buga miki waya ba, da gangan."

Ta dube ni kamar ba ta ji Hausar ba. Ta tashi ta fita ba takalmi. Ta daɗe, har na ɗauka ta tafi. Da ta dawo idonta ya yi ja, ta tsaya bakin ƙofa ta ce, "Kin hana ni abin da ba zai dawo ba, Yaya. Ba zan ce miki ban ji zafi ba."

Na ce, "Na sani."

"To me ta ce?"

Na gaya mata duka, har amsa sunanta da na yi, har gonar, har ɓawon karan. Ta zauna a hankali. Ta ce, "Na yi mata wannan tambayar ya fi a ƙirga, yadda ta fara. Ita ce tambayar da bincikena ya rasa amsarta. Kullum sai ta ce, wannan ba na takarda ba ne." Ta share ido da bakin mayafi. "Kin san sau nawa na kwana a gidan nan ina cewa da ma ni ce ba a kama sunana? Ni ana yi mini dariya ne don baƙuwa ce, baƙo kuwa dole a yi masa fara'a. Ke ba ta bukatar ta yi miki komai."

Ban yarda da ita duka ba. Wanda aka yi wa kitso a cinya ba zai gane ba. Ita ma ba ta ce ta yafe ba, ban kuma matsa mata ba. Amma da za ta shiga mota ta juyo ta ce, "Zan dawo arba'in. Ki sa a gyara mini wuri a ɗakinki, ba zan iya kwana a nata ba." Na ce to.

Wannan ita ce Inna, gwargwadon abin da ido mai kishi ya iya gani. Ya Allah, ga baiwarKa nan ta zo, wadda ta tari bayinKa a ƙofar duniya ba ta tambayi na wane ne ba. Ka tare ta da rahama fiye da yadda ta tare su, Ka yalwata mata kabari, Ka yafe mata, Ka yafe mini abin da na yi wa Auta. In Ka tashi haɗa mu a Aljanna Ka haɗa mu mu uku, na yarda, da zuciya ɗaya. Sai dai ina roƙon alfarma guda: Ka bar ni in riga ta isa, ko da da yini ɗaya ne.